Hayar Mararaba ta kusa ninkawa: in ƙara nisa zuwa Masaka, in daure, ko in nemi fili?

Sani_Mararaba:
Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a garuruwan da ke kewaye da Abuja. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ina aiki a Sakatariyar Tarayya da ke tsakiyar Abuja, kuma ina zaune da iyalina a Mararaba cikin gida mai ɗaki biyu da falo. Da naira dubu 400 na kama gidan a 2021, daga baya aka mayar da shi dubu 600, yanzu kuma mai gidan ya aiko mini cewa idan wa'adina ya cika miliyan ɗaya zan biya, ko kuwa in ba shi makullinsa, domin akwai masu jira. Dillali ya nuna mini irin gidan a Masaka a kan dubu 600, wani kuma ya ce idan zan iya zaman Auta Balefi zai samo mini a ƙasa da haka. Abin da nake son sani shi ne, wannan tashin farashi na ɗan lokaci ne, ko kuwa ya zo ke nan? Idan ya zo ke nan, me ya fi wa mai albashi irina: ya ƙara nisa, ya daure ya biya, ko ya tsuke bakin aljihu ya sayi fili ya fara gini sannu a hankali?

Direban_Hanyar_Keffi:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ni a kan wannan hanya nake neman abinci, saboda haka bari in fara da lissafin mota kafin masu ilimi su iso. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, ƙasa da naira 200 muke shan lita. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a watan Yulin shekarar ta kai 617, zuwa Oktoban 2024 kuwa ta wuce naira dubu a gidajen man NNPC na Abuja. Ko lokacin da mai ya ɗan sauko, kuɗin mota bai koma inda yake ba, domin taya da baƙin mai da kayan gyara ba su sauko ba. Ka ɗauka cewa bambancin Masaka da Mararaba, zuwa da dawowa, har da ɗan acaɓan da zai fito da kai bakin titi, naira 600 ne kawai a rana. A kwanakin aiki 22 na kowane wata, shekara guda ta cinye maka kusan dubu 160. Idan uwargida ma tana fita aiki, sai ka ninka. Abin da zai saura daga dubu 400 ɗin da kake ganin ka tsira da su ba zai biya la'adar dillali da kuɗin lauya da motar kwasar kaya ba.

Dan_Kubwa:
Amsar tambayarka ta farko ita ce, ya zo ke nan. Dalilina kuwa shi ne ba daga Mararaba tashin ya faro ba, daga cikin gari ya taso. Wanda haya ta fi ƙarfinsa a Wuse ko Garki ko Gwarimpa sai ya sauko Kubwa ko Lugbe ko Karu da kuɗin da a wurinmu suke da yawa, ya ture wanda ya tarar. Shi kuma wanda aka ture ya nufi Dutse Alhaji ko Zuba ko Mararaba, ya ture na can. Masu jiran da mai gidanka yake faɗa ba barazana ba ce, da gaske suna nan, kuma akasarinsu sun fi ka albashi. Muddin ofisoshi da manyan kasuwanni da asibitoci suna dunƙule a tsakiyar birni, haka za a ci gaba da turereniya har ta kai Keffi ta wannan ɓangare, ta kai Suleja da Tafa ta wancan.

Alhaji_MaiBulo:
Ina roƙon a saurari ɓangaren masu gidaje kafin a yanke mana hukunci. Ina da 'yan haya a Ado, kuma ina buga bulo, don haka na san abin daga tushe. Buhun simintin da muke saye kusan dubu 4 'yan shekarun baya, a watan Fabrairun 2024 sai da ya haura dubu 10, har gwamnati ta zauna da kamfanonin aka yi maganar a mayar da shi tsakanin dubu 7 da dubu 8. Rodi da kwano da tayil da wayar lantarki duk da dala suke tafiya, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta kuma haura 1,500 a 2024. Birkila da lebura su ma sun ƙara kuɗin yini, kuma suna da gaskiya, domin su ma abinci suke saye. Wanda ya gina gida yau, idan ya karɓi hayar 2021, sai ya shekara arba'in bai ga kuɗinsa ba.

UmmuKhadija:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a kan sabon gini. Amma gidajen da ake ninka wa haya, mafi yawansu an gina su shekara goma sha biyar ko ashirin da suka wuce, da simintin wancan zamani. Gidan da nake ciki ba a taɓa sake masa fenti ba tun shigarmu, rufin yana yoyo da damina, ruwa daga 'yan ga-ruwa muke saye jarka-jarka, idan taransifoma ta lalace mu 'yan haya ne muke karo-karo. Da wane siminti za a kafa mana hujja? Da a ce an yi gyara sannan aka ƙara kuɗi, da babu mai jayayya.

Alhaji_MaiBulo:
Hajiya, rashin gyara laifi ne, ban kare shi ba, kuma mai gidan da ya bar rufi yana yoyo yana karɓar kuɗin mutane zai amsa tambaya gaban Allah. Sai dai ki duba cewa da yawa daga masu tsofaffin gidajen nan 'yan fansho ne da zawarawa da marayu, waɗanda hayar ita ce abincinsu. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga. Dubu 400 ta 2021 ba ta sayen rabin abin da take saye a da. Ni a ganina zaluncin yana wajen yin ƙarin a tashi ɗaya ba tare da an ba mutum lokaci ba, da kuma dillalan da suke zuga mai gida ya kori tsohon ɗan haya domin su sami sabuwar la'ada.

Dattijo_Suleja:
Yara, ku bari in koma da ku baya kaɗan, domin abin da ya sami Malam Sani ya girmi tsadar siminti. An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976 zamanin Janar Murtala, gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991. Tun daga farko an tsara unguwannin manya da na manyan ma'aikata da kyau, amma masinja da direba da mai gadi da ƙaramin akawu ba a tanadar musu wadataccen wuri a cikin gari ba. Nyanya ma a matsayin barikin leburorin da suka gina birnin aka faro ta. Abin da ya rufa wa ƙananan ma'aikata asiri a wancan lokaci shi ne gidajen gwamnati na Garki da Wuse da Karu da Kubwa. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a cikin albashi, aka daina ba ma'aikaci gida, daga baya aka sayar da gidajen. Wanda yake ciki a lokacin ya samu, na bayansa kuwa ba su tarar da komai ba. A daidai wannan zamani, tsakanin 2003 da 2007 lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, aka yi rusau a wurare irin su Idu-Karmo da Chika, dubban mutane suka kwararo Mararaba da Masaka da Madalla da nan Suleja. Na ga gonakin doya sun zama unguwanni cikin 'yan shekaru, babu titi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. Saboda haka garuruwan nan ba tsara su aka yi domin su ɗauki jama'ar Abuja ba, malala ce kawai ta zubo musu, kuma har yau ba ta tsaya ba.

Barista_Hauwa:
Malam Sani, kafin maganar tashi, ka san matsayinka. Da farko ka ɗauko yarjejeniyar hayar da kuka sa wa hannu, domin abin da ke cikinta shi ne kan gaba. Idan ba ta faɗi wa'adin notis ba, ƙa'idar da aka sani ga mai hayar shekara-shekara ita ce notis na wata shida, bayan ya cika a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwano ko yanke wuta domin ya fitar da kai. Ƙarin kuɗin haya kuma tayi ne, ba ya hawa kanka sai ka amince, amma idan ka ƙi, yana da damar bin matakan da na ambata ya karɓi gidansa. Wato doka za ta sama maka lokaci, ba za ta rage maka farashi ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai hana karɓar hayar shekara a dunƙule a Abuja, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba. Ko da ya zama, Mararaba tana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa (ba unguwar Karu ta Abuja ba), ba za ta amfana ba. Shawarata ita ce ka nemi dattijon unguwa ko limami ya shiga tsakani, ka nemi ragi da biya kashi biyu, a rubuta.

Malama_Rabi:
Duk lissafin da aka yi na kuɗi ne, ba a sa lokaci a ciki ba. Na zauna a Masaka ina koyarwa a cikin gari. Wanda yake son ya tsallake cunkoson Mararaba da Nyanya da gangaren Kugbo dole ya bar gida kafin asuba, ya yi sallah a hanya ko a wurin aiki, ya dawo bayan isha'i. Yara suna barci za ka fita, suna barci za ka dawo, tarbiyyarsu ta koma hannun maƙwabta. Ga mace kuma akwai fargabar shiga motar da ba ta sani ba da duhu, saboda 'yan fashin nan da ke ɗaukar fasinja su yi masa ƙwace a hanya. Ni na zaɓi in koma ciki da falo a Karu da kuɗin da zai ba ni ɗaki uku a can, kuma ban yi nadama ba. Ƙuncin ɗaki ya fi mini sauƙi a kan ƙuncin hanya.

Injiniya_Bello:
Ni ra'ayina ya bambanta da na Malama da na direba. Duk inda ka zauna haya, baɗi ma wannan saƙo zai zo maka, domin albashi ba ya tafiya da saurin haya: mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne tun 2019, sai a Yulin 2024 ya koma dubu 70, kuma ko mai dubu 70 ya tara albashinsa na shekara bai ci komai ba, dubu 840 ne, bai kai hayar da ake nema a wurinka ba. Mafita ita ce fili. Ka koma inda haya ta fi sauƙi na shekara biyu ko uku da niyyar tara bambancin, ka sayi rabin fuloti, ka zuba harsashin ɗaki biyu, ka kai linta, ka rufa ɗaya ka shiga, sauran su biyo baya. Haka mafi yawan masu gidajen Mararaba na yau suka fara. Sharaɗi ɗaya: kada ka sayi fili da rani. Ka je da damina bayan an ɗauke ruwa ka ga inda yake bi. Ambaliyar da aka yi a rukunin gidajen Trademore na Lugbe a Yunin 2023 ta isa darasi, kuma can wuri ne da ake ganin an tsara.

Direban_Hanyar_Keffi:
Injiniya, ai bambancin da kake cewa ya tara shi ne wanda na nuna mota za ta cinye. Daga ina zai tara?

Injiniya_Bello:
Lissafinka ya tsaya a kan cewa kullum zai fita kuma shi kaɗai zai biya. Ma'aikata da yawa yanzu suna haɗa kuɗin mai su huɗu a motar mutum ɗaya, wasu ma'aikatu suna da bas, wasu kuma sukan kwana a cikin gari wajen 'yan'uwa a tsakiyar mako. Ban ce da daɗi ba, amma wahala ce mai wa'adi, ba kamar haya ba.

Barista_Hauwa:
Tun da an shigo maganar fili, dole in ja kunne, domin a nan ne aka fi yin kuka a ofishinmu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A Babban Birnin Tarayya kuwa ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, minista ne kaɗai yake ba da ita, kuma kotuna sun sha tabbatar da hakan. Takardar da mai unguwa ko sarkin ƙauye ya ba ka a Lugbe ko Kuje ko Bwari ba ta hana rusau, takardar ƙaramar hukuma ma sai an tantance ta a AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja. A ɓangaren Nasarawa akwai ɗan sassauci, domin ana saye daga iyalai masu gado, amma nan ma sai ka kai lambobin filin NAGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, a duba ko yana cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe ko ta ba wani. Ka tabbatar duk magada sun sa hannu, ba ɗa ɗaya ba, domin fili guda akan sayar wa mutum uku. Kuma ka san cewa bayan samun takardar mallaka akwai harajin fili na shekara-shekara. A Maris na 2025 hukumar birnin ta soke takardu 4,794 saboda rashin biyansa.

Yakubu_Karshi:
Na gode wa Barista da ta ambaci magada. Ni Bagwari ne, a nan aka haifi kakannina, kuma ina so masu saye su san yadda abin yake daga wajenmu. Iyayenmu sun sayar da gonaki lokacin da fuloti bai kai kuɗin babur ba, kuɗin suka ƙare, yau wasu daga cikin 'ya'yansu haya suke biya a kan gonar ubansu. Wannan ne ya sa za ka ga matasa sun taso suna jayayya da cinikin da aka yi shekaru da yawa, ko suna neman a biya su kafin a sauke yashi. Ban goyi bayan haka ba, amma ba daga sama ya faɗo ba. Wanda zai saya, ya zauna da iyalin gaba ɗaya a gaban mai unguwa, ya kewaye filin da wuri, ya kuma zama maƙwabci na gari. Tsadar nan mu ma tana cin mu, har ta fi, domin mun rasa gonar kuma ba mu da albashin.

Abdul_Lamuni:
Malam Sani, tun da kai ma'aikacin tarayya ne, ana cire maka kashi 2.5 cikin ɗari na albashinka zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake riƙe da shi. Kana da haƙƙin neman lamuni a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har shekara 30 gwargwadon abin da ya rage maka a aiki. Daga 2022 kuma hukumar fansho ta yarda a ciri har kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonka a biya kason farko na kuɗin gidan, wanda mai neman lamuni yake fara zubawa. Ga inda gizo ke saƙar: lamunin miliyan 10 na shekara 30 yana nufin kusan dubu 60 kowane wata, kuma ba a yarda biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, wato sai mai ɗaukar dubu 180. Miliyan 20 kuwa sai mai dubu 360. Sannan gidan dole ya kasance da cikakkiyar takardar mallaka, abin da mafi yawan gidajen Mararaba da Masaka ba su da shi. Gidajen da suke da takarda sun fi ƙarfin albashin, waɗanda albashin zai iya ba su da takarda. Bankunan kasuwanci kuwa ba abin tunkara ba ne, tun da kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024.

Malam_Usman:
Allah ya saka da alheri da wannan bayani, amma da yawa daga cikinmu ko kashi 6 ɗin ba za mu iya karɓa ba, saboda riba ce. Bankuna irin su Jaiz suna da tsarin da banki zai sayi gidan ya ba ka haya har ka mallaka, sai dai su ma suna neman takarda da kaso mai nauyi a farko. Abin da na ga ya yi wa ƙananan ma'aikata aiki shi ne ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki: a sayi hekta guda da sunan ƙungiya, lauya ɗaya ya bi takarda, a yanka wa kowa, a riƙa cira daga albashi babu ruwa. Ko burtsatse da taransifoma sun fi sauƙi idan mutum ashirin ne suka haɗu. Amanar shugabannin ƙungiyar ita ce abin dubawa.

Zainab_Lugbe:
Abin da yake ƙona mini rai shi ne ana cewa gidaje sun yi ƙaranci, alhali duk wanda ya zaga Maitama da Asokoro da Guzape da Katampe da dare zai ga manyan gidaje a rufe, babu kowa sai mai gadi. A Disamban 2024 kotu ta ƙwace wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma ta miƙa wa gwamnati bayan binciken EFCC. Ba gini ne ba a yi a Abuja, ana yi kullum, amma ana yi ne domin ajiye kuɗi, ba domin a zauna ba. Gidaje 3,112 da aka aza harsashinsu a Karsana a Fabrairun 2024 abin yabo ne, amma a gwada farashinsu da lissafin da Malam Abdul ya yi a sama a ga ko malamin firamare zai shiga. Ni ina ganin a sa haraji mai nauyi a kan duk gidan da ya shekara a rufe.

Dan_Kubwa:
'Yar'uwa Zainab, ko an buɗe gidajen Maitama gobe ba Malam Sani ne zai shiga ba, ko da yake na yarda zai rage turereniyar daga sama. Ni abin da na fi ganin zai sauya lissafi shi ne sufuri. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka dawo da shi a Mayun 2024, amma layinsa ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa ne. Ɓangaren Nyanya da Mararaba da Masaka, inda ma'aikata suka fi yawa, titi ɗaya tal suka dogara da shi. Da akwai jirgi daga Keffi zuwa cikin gari, da tambayar Malam Sani ba ta taso ba, domin zama a Auta Balefi ba zai zama hukunci ba. Sai dai in faɗi gaskiya, ranar da aka aza tubalin wannan jirgi, ranar haya za ta tashi a duk tashar da zai tsaya.

Dattijo_Suleja:
Akwai kuma batun wa zai biya. Doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum yake kwana ne, ba inda yake aiki ba. Ma'aikata nawa ne suke kwana a Nasarawa da Neja amma adireshin da ke fayil ɗinsu na Abuja ne? Jihohin suna ɗauke da jama'ar, da sharar, da cunkoson, kuɗin kuma suna tafiya wani wuri. Duk mai son titi da ruwan famfo a Mararaba ya fara da gyara adireshinsa a ofis.

Sani_Mararaba:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙarin bayani: maiɗakina tana koyarwa a Karu, yara ma can suke makaranta, don haka lissafin direba na ninkawa ya hau kaina daidai. Na bi shawarar Barista, limamin unguwarmu ya yi magana da mai gidan, ya sauko zuwa dubu 850, a biya kashi biyu, kuma ya yi alkawarin gyara rufi. Ban ba da amsa ba tukuna, domin maganar Injiniya ta tsaya mini a rai: idan na biya bana, baɗi fa? A ofishinmu akwai ƙungiyar gama-kai da take maganar sayen fili wajen Karshi, ina son jin ra'ayinku a kan wurin.

Abdul_Lamuni:
Idan ka amince da dubu 850 ɗin, ka karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta tanadi rangwamen haya daga Janairun 2026: kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa dubu 500, ana cire shi daga kuɗin da za a yi wa haraji. A wurinka dubu 170 ke nan da ba za a yi wa haraji ba. Ba kuɗi ne za a ba ka a hannu ba, kuma ragin ba shi da yawa, amma haƙƙinka ne, kuma sai da shaidar biya ake samunsa.

UmmuKhadija:
Ni dai ina ganin ka karɓi tayin, amma a rubuta gyaran rufin da ranar da za a gama shi, a kuma rubuta cewa ba za a sake ƙari ba sai bayan shekara biyu. Alhaji da kansa ya ce zaluncin yana wajen ƙari a tashi ɗaya, to a gwada masu gidaje da wannan sharaɗi a gani.

Alhaji_MaiBulo:
Hajiya, na taɓa yin haka da 'yan hayata kuma zan sake, matuƙar mutum yana biya a kan lokaci. Ɗan haya mai kula da gida ya fi mini sabon da ban san halinsa ba, ko da ya fi kuɗi. Amma shekara biyu ba kowane mai gida zai yarda ba a wannan yanayi na naira.

Injiniya_Bello:
Karshi wuri ne mai kyau, ƙasarsa tana da ƙarfi a mafi yawan ɓangarori, kuma saye ta hanyar ƙungiya ya fi saye kai kaɗai. Sai dai ka tambaya filin yana ɓangaren Babban Birnin Tarayya ne ko na Nasarawa, domin garin yana kan iyaka, kuma kamar yadda Barista ta bayyana, takardun biyu ba ɗaya ba ne. Ina nan a kan bakana cewa ko ka zauna a Mararaba bana, kada shekarar ta fita ba ka sa hannu a fili ba.

Direban_Hanyar_Keffi:
Malam Sani, masu sayar da fili a Karshi da hanyar Apo zuwa Karshi suke talla, suna cewa minti kaɗan ne ka shiga gari ba tare da ka bi Nyanya ba. Tun 2011 aka ba da kwangilar wannan hanya, kuma shekara da shekaru ana cewa an kusa gamawa, farashin fili kuwa tuni ya hau kamar an gama. Kafin ƙungiyarku ta biya ko kwabo, ku ɗauki mota ranar Litinin da sassafe ku bi hanyar da ake bi a yau, daga bakin filin har Sakatariya, ku duba agogo da abin da mai ya ci, sannan ku je ku ga da idonku inda aikin sabuwar ya kai. Idan kuna so ni zan kai ku, kuɗin mai kawai za ku zuba.